Indiya da kamfanoni masu zaman kansu a harkar nukiliya

Tun daga dokar makamashin nukiliya ta 1962 har zuwa ƙarshen 2025, gwamnatin Indiya ce kaɗai ke da ikon gina tashoshin lantarki na nukiliya da gudanar da su, galibi ta hannun kamfaninta NPCIL. A watan Fabrairun 2025 ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta bayyana cewa ƙasar na son kai gigawat 100 na lantarkin nukiliya nan da 2047, alhali abin da take samarwa bai kai gigawat 10 ba, kuma a watan Disamba majalisa ta amince da sabuwar doka da ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu.

Buƙatar wutar gaskiya ce, ban musanta ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne batun diyya. Lokacin da nake karatu a can na ziyarci Bhopal, na tsaya gaban tsatsattsun tankunan masana'antar da iskar gas ɗinta ta kashe dubban mutane a 1984, kusa da mutum-mutumin wata uwa da ta rufe fuskarta tana rungume da jaririnta. Wannan masifa ce ta sa dokar diyyar haɗarin nukiliya ta 2010 ta ba mai gudanar da tasha damar neman diyya daga kamfanin da ya sayar masa da kayan aiki marasa inganci, kuma wannan sharaɗin na cikin dalilan da suka sa aikin gina tashar nukiliya a Jaitapur tare da Faransa ya daɗe a takarda.

Yanzu an sassauta wannan sharaɗin domin masu zuba jari su shigo. Ina ganin kafin a ba kamfani na farko lasisi, wajibi ne hukumar da ke sa ido kan tsaron tashoshin ta samu cikakken 'yanci, kuma mazauna garuruwan da ke kewaye su san wanda zai biya su idan haɗari ya auku.