Kafin ka sauya manhajar ɗaukar waƙa

Kuskuren da na fi maimaitawa a wannan sana'a, ƙannena, shi ne ɗora wa manhaja laifin da ba nata ba. Murya ta fito a dushe, sai a ce ai FL Studio ce, a koma Cubase. Alhali in ka zuba sauti iri ɗaya a manhajoji biyu, da ƙarfi ɗaya, ba ka ɗora masa komai ba, da ƙyar kunne zai bambance su. Yawanci ciwon yana ɗakin da ke amsa kuwwa, ko tazarar baki da makirfo.

Haka ma jinkirin da mawaƙi ke ji a kunne, muryarsa na dawo masa a makare. Wannan aikin bafa ne, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. A Windows ka zaɓi direban ASIO na na'urar sautinka, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, ka sa bafa a 128 lokacin ɗauka. A kan ma'aunin sauti na 48 kHz, jinkirin 128 bai kai milisakan 3 ba, amma 1024 ya haura 21. In an zo haɗa sauti sai ka ɗaga shi, kada kwamfuta ta riƙa ƙatsa-ƙatsa.

Wajen zaɓe, dubi aikin da ka fi yi. Mai haɗa kiɗa zai ji daɗin FL Studio, sai dai ƙaramin nau'inta, Fruity, ba ya ɗaukar murya ta makirfo. Sai Producer zuwa sama. Ta gwaji kuma za ta bar ka ka adana aiki, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka saya. Mai yawan ɗaukar muryoyi da amshi ya gwada Cubase ko Reaper, wadda ke ba da kwana 60 na gwaji. Logic kuwa sai na'urar Apple. Ka kuma tambayi wanda ke yi maka miksin, wato haɗa sauti, da wacce yake aiki.

In sauyin ya zama dole, kada ka yi shi a tsakiyar waƙa. Fayil ɗin FL Studio ba ya buɗuwa a Cubase, na Cubase ba ya buɗuwa a Ableton Live. Abin da ke ƙetarewa lafiya shi ne sauti da MIDI, wato bayanin notocin da aka kaɗa. Saboda haka ka fitar da kowane layi daban, ganga daban, piyano daban, murya daban, a WAV mai bit 24, ba MP3 ba. Kowanne ya fara daga farkon waƙar, ko da shiru ne a wurin. Nan na sha ƙonewa: amshin da aka yanko daga tsakiya, sai ka kwana kana neman gurbinsa. Murya ka fitar da ita sau biyu, ɗaya tsurarta, ɗaya da kwalliyarta, domin saitin Auto-Tune da na amsa-kuwwa ba sa bin ka. Rubuta gudun kiɗan, wato BPM, a sunan fayil. Ka lura da ma'aunin sauti kuma: fayil na 44.1 kHz da aka karanta a matsayin 48 ba tare da juyawa ba zai ƙara sauri, murya ta haye kusan rabin mataki da rabinsa.

Sai filogin, wato ƙananan manhajojin kiɗa da gyaran sauti da ake ɗorawa a cikin babbar. Nau'in VST na aiki a yawancin manhajoji, amma Logic AU take karɓa, Pro Tools kuma AAX. Tsofaffi masu bit 32 Cubase ta daina karɓarsu tun fitowar ta 9. Waɗanda suka zo a jikin manhaja galibi nan za ka bar su.

Tsohuwar kuma kada ka goge ta. Mawaƙi zai dawo bayan wata shida yana son a sauya baiti ɗaya, kuma a cikinta kaɗai aikin zai buɗe yadda ka bar shi.