Genentech, Roche, da takardar maganin da ake miƙo mini

Kafin shekarar 1982, duk mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, daga kayan cikin shanu ko aladu aka tatso abin da yake zuba wa jikinsa. A mayanka ake tara su tuli-tuli, a kai masana'anta, a sha fama kafin a fitar da ɗan abu kaɗan. Wasu ma jikinsu ba ya karɓarsa, wurin allurar ya kumbura ya yi ta ƙaiƙayi. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma idan na buɗe firij na miƙa wa dattijo kwalbar insulin irin na ɗan Adam, babu fargabar alade a ransa, na san albarkacin wane kamfani muke ci. Sunansa Genentech, yana Kudancin San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ina girmama shi ƙwarai, kuma akwai inda yake ci mini rai.

Mutum biyu suka kafa shi a 1976. Herbert Boyer malamin jami'a ne, wanda shi da Stanley Cohen na Jami'ar Stanford suka nuna a 1973 cewa ana iya yanko wani yanki na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, daga wata halitta, a dasa shi cikin ƙwayar bakteriya, ita kuma ta riƙa hayayyafa tana ƙera abin da aka rubuta mata. Robert Swanson kuwa saurayi ne ɗan shekara 28, masanin harkar zuba jari, a lokacin ba shi da tsayayyen aiki. Ya roƙi Boyer ya ba shi minti goma, hira ta yi daɗi ta kai awa uku. Kowannensu ya ajiye dala 500, daga baya kamfanin jari na Kleiner Perkins ya ƙara musu dala dubu 100.

A 1977 suka sa bakteriya ta ƙera wani sinadarin jikin mutum mai suna somatostatin, tare da masu bincike na cibiyar City of Hope. A 1978 David Goeddel, mai bincike a Genentech, da abokan aikinsa suka fitar da insulin ta wannan hanyar. Ba su da masana'antar da za ta yi shi da yawa, sai suka ba kamfanin magunguna na Eli Lilly lasisi, ya fito kasuwa a 1982 da sunan Humulin. Ranar 14 ga Oktoban 1980 da suka fara sayar da hannun jari, daga dala 35 farashi ya haura 88 cikin awa guda, alhali ko ƙwayar magani ɗaya ba su da ita a kanti.

To me ya kai kamfani irin wannan hannun wani? Kuɗi. Binciken magani guda yana iya cin shekara goma, akasari kuma a ƙarshe a watsar da shi. Genentech ya ɗora buri kan Activase, maganin narkar da gudan jini ga wanda zuciyarsa ta buga, wanda ya fito a 1987 a kan kusan dala 2,200 kowace allura. Likitoci suka ga akwai tsohon magani, streptokinase, da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗin ba. Ciniki bai kai yadda aka zata ba, darajar hannun jari ta faɗi. A 1990 Roche, tsohon kamfanin birnin Basel na Suwizalan da aka kafa tun 1896, mai Valium, ya sayi kashi 60 cikin ɗari a kan dala biliyan 2.1.

Abin da Roche ya yi bayan nan shi ne ya fi burge ni a duk labarin: ya zuba kuɗi, ya ja gefe. Ya bar masu bincike da shugabanninsu da ɗabi'unsu, su buga sakamakon aikinsu a mujallun kimiyya da sunayensu, su bi abin da hankalinsu ya kwanta da shi. A 1995 aka naɗa Arthur Levinson shugaba, shi kansa daga ɗakin gwaje-gwaje ya taso. A zamaninsa aka samu manyan magunguna: Rituxan ya fito a 1997, Herceptin a 1998, Avastin a 2004, Lucentis a 2006.

Herceptin ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan mace ɗaya cikin biyar masu sankarar mama, cutarsu tana ɗauke da wani furotin mai suna HER2 fiye da kima, kuma irin wannan ta fi saurin yaɗuwa da kisa. Likita Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis da Axel Ullrich na Genentech suka gano wannan alaƙa. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa, don a lokacin ba ya ganin riba a maganin daji. Slamon ya nace, wasu ma'aikatan ciki suka nace, matan da ke fama da cutar suka yi zanga-zanga har ƙofar kamfanin suna neman a ba su maganin tun yana matakin gwaji. Saura ƙiris da ya mutu a kan takarda. Yau akwai iyaye mata da suka aurar da 'ya'yansu saboda shi, da ikon Allah.

Zuwa 2008, manyan magungunan da ke kawo wa Roche kuɗi daga Genentech suka fito, ga kuma yarjejeniyar da ta ba shi damar sayar da sababbin magungunan kamfanin a wajen Amurka za ta ƙare a 2015. A lokacin rabon Roche ya koma kashi 56, sai a watan Yuli ya taya ragowar kashi 44 a kan dala 89 kowane hannun jari. Daraktocin Genentech suka ce albarka. Sai bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Satumba, kasuwannin duniya suka rikice. A Janairun 2009 shugaban Roche, Severin Schwan, da shugaban daraktocinsa Franz Humer suka tsallake daraktocin Genentech, suka tunkari masu hannun jari kai tsaye, suka ma rage tayin zuwa dala 86.50. Bai karɓu ba. Suka ƙara zuwa 93. Ranar 12 ga Maris aka sallama a kan 95, jimilla dala biliyan 46.8, mafi yawanta bashi ne da Roche ya ciyo a tsakiyar wannan rikicin. Swanson bai ga ranar ba, sankarar ƙwaƙwalwa ta yi ajalinsa a 1999 yana da shekara 52.

An ji tsoron masu binciken za su watse. Levinson ya sauka daga kujera, amma Roche ya bar sashen bincike da cin gashin kansa, ya mayar da hedikwatarsa ta Amurka Kudancin San Faransisko, daga baya ya rufe tsohuwar cibiyarsa da ke garin Nutley. Magungunan Perjeta, Kadcyla da Ocrevus duk bayan cinikin suka fito. A nan ba ni da ta cewa, sun riƙe amana.

Inda nake da magana shi ne farashi. Wanda ya biya biliyan 46.8 sai ya fanshe kuɗinsa, kuma a wajen maras lafiya zai fanshe. Tun kafin cinikin ma halin yana nan. Lucentis, na wani ciwon ido da ke makantar da tsofaffi, a lokacin ana sayar da allurarsa kusan dala 2,000. Likitocin ido suka gano cewa ɗan ɗigon Avastin, maganin sankara na wannan kamfanin dai, yana yin wannan aikin a kan kusan dala 50. Kamfanin bai nemi a yi wa Avastin rajistar ciwon ido ba. Sai gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyin gwajin da ya nuna a 2011 cewa amfaninsu kusan ɗaya ne. Wannan ban iya kare shi ba, ko da wace hujja aka zo.

Ana ba da trastuzumab, wato Herceptin, duk bayan sati uku har tsawon shekara. Na sha karɓar takardar likita daga hannun miji ko ƙane, ya tambaye ni nawa ne, in faɗa masa kuɗin kwalba ɗaya, ya yi salati, ya ce bari ya je ya yi shawara da 'yan'uwa. Wasu su sayar da gona a yi zagaye biyu ko uku, sannan a tsaya. Wasu ko gwajin HER2 ɗin ba su iya biya ba, balle a zo kan magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa trastuzumab cikin jerin magungunan dole a 2015. A Disamban 2019 ta amince a karon farko da kwatankwacinsa, wato irinsa da wani kamfani daban ya ƙera, na kamfanin Samsung Bioepis, ta ce na asalin yana cin kusan dala dubu 20 ga mace ɗaya, kwatankwacin kuma yakan yi sauƙi da kusan kashi 65 cikin ɗari. Shekara 21 ke nan bayan matan Amurka sun fara samunsa. Yanzu idan dillalin magani ya shigo mini, shi nake fara tambaya, in duba lambar NAFDAC, in tabbatar sanyi bai yanke masa a hanya ba. Ko da wannan ragin, yawancin iyalan da ke zuwa gabana ba su iya kai maras lafiyarsu ƙarshen shekarar.