Allo ya ce ya natsu, ashe ba ya tare da ni

Shekara biyu ke nan da na haɗa na'urar EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, da aikina na tattaunawa da mutanen da firgici ya zauna musu a rai bayan wani mummunan lamari. Har yau idan na tuna zama na bakwai da na yi da wani bawan Allah, kunya ce ke kama ni.

Haɗarin mota ya tsallake, abokin tafiyarsa kuwa nan take ya cika. Barci ya gagare shi, ƙarar birki kaɗai ta isa ta jiƙa shi da zufa. Zama shida na farko lafiya lau. Sai na yi garaje. Na karanta binciken Peniston da Kulkosky na 1991 a kan tsofaffin sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, inda aka horar da su, ido a rufe, su ƙara igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira alfa da tita, na ce mu ma mu gwada.

Alfa kan kaɗa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, tana ƙaruwa idan mutum ya rufe ido ya saki jiki. Tita kuwa sau 4 zuwa 8, ta bakin barci ce. Na manna masa wayoyi a fatar kai, na ce, "Malam, rufe idonka." Ba da jimawa ba layukan igiyoyin suka haura a allon kwamfuta, ni har da murmushi. Minti ashirin cur ina kallon kwamfuta, ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi fuskarsa ba. Da na kira shi, shiru. Sai a kira na uku ya buɗe ido, amma ba ni yake gani ba, hannunsa sanyi ƙalau. Can ya ce, "Likita, ina cikin motar nan, amma kamar daga sama nake kallon kaina."

Ashe ba natsuwa ba ce. Hankalinsa ne ya fice ya bar jikin, abin da masu wannan ciwo kan yi idan tsoro ya fi ƙarfinsu. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ni na ɗora mata fassarar da raina ke so. Ɗan lantarkin saman ƙwaƙwalwa take ɗaukowa ta cikin ƙashin kai, amigdala kuwa, wadda ke kaɗa ƙararrawar tsoro, tana can ciki inda wayoyin ba sa jiyowa kai tsaye. Ko cije haƙora da ƙifta ido suna ɓata layukan. Duk na san wannan fa, na kuma koyar da shi.

Mako uku bai dawo ba. Ni na kira shi na ba shi haƙuri, ban kuma ɗora wa na'ura laifi ba.

Ban daina amfani da ita ba. Binciken da van der Kolk da abokan aikinsa suka wallafa a 2016, da mutum 52 da zama 24, ya nuna sauƙi ga masu wannan ciwo da aka horar da na'urar fiye da waɗanda ke jiran layi. Amma mutum 52 ba taro ba ne, shi ya sa masu tallan taswirar ƙwaƙwalwa mai launi-launi suke ba ni haushi idan suka ce za ta nuna maka ciwon ƙarara.

Yanzu kujerata mutum take fuskanta, allon yana gefe. Da ido a buɗe muke farawa, kuma kafin in manna waya ɗaya sai mun yi yarjejeniya: idan ya ɗaga yatsa, an tsaya. Lokaci-lokaci nakan tambaye shi ko yana jin tafin ƙafarsa a ƙasa. Da na yi wannan tambayar a zama na bakwai, da minti ashirin ɗin nan ba su faru ba.

Ya dawo, mun ƙarasa, barcinsa ya gyaru sosai. Amma bai sake rufe ido a ɗakina ba, ni ma ban sake nema ba.