Farfesun barewa a tukunyar ƙarfe

Rumfar abincina tana Portland a jihar Oregon ta Amurka, kusa da Oregon City, garin da ayarin masu ƙaura ke sauke kaya a ƙarni na 19 bayan tafiyar kilomita kusan 3,500 daga Independence ta jihar Missouri. A 1843 mutum kusan 1,000 suka taso a ayari ɗaya da kekunan shanu, kuma tafiyar kan ci wata 4 zuwa 6. Mutanen Oregon suna ji da wannan tarihi, shi ya sa duk lokacin sanyi nake ɗora farfesun barewa irin na matafiyan, kuma shi ne ke fara ƙarewa.

Abu na farko da mai saye ke tambaya shi ne ko ni na harbo ta. A'a. Doka a nan ta hana sayar da naman dabbar dawa da mafarauci ya harbo, don haka daga gonar kiwon barewa nake saye, inda aka yarda a yi mini yanka irin namu. Tsadarsa ta fi ta naman sa nesa ba kusa ba, shi ya sa kafaɗa da wuya nake ɗauka. Su ne masu araha, kuma su ne ke jure doguwar dahuwa.

Naman barewa ba ya da maiƙo a cikinsa, ɗan kitsen da ke jikinsa kuma ba na ci ba ne. Ranar da na fara dafawa na bar shi a jiki. Da romon ya ɗan huce sai ya daskare a baki kamar kakin kyandir, tukunya guda na zubar, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Tun daga nan nakan zauna da ƙaramar wuƙa in cire kitsen tas, haɗe da farar jijiyar da ke lulluɓe da tsokar. Wannan aikin kaɗai yakan ci mini awa guda kafin a kunna wuta.

Matafiyan da kitsen alade suke soya komai. Jagororin tafiya na lokacin sukan ce kowane baligi ya tanadi fulawa mai nauyin fam 200 da naman alade mai gishiri mai nauyin fam 150. Ni kitsen shanu nake narkawa, kuma na rubuta haka a allon rumfa. In barbaɗa wa naman fulawa da gishiri da masoro, in soya shi kaɗan-kaɗan har ya yi ja, don idan aka cika tukunya ruwa zai saki ya ƙi soyuwa. Sai albasa, sai waken da ya kwana a jiƙe, busasshen tuffa, cokali biyu na binigar da rabin kofin baƙin kofi. Dankali da karas masu saye ne suka nema, ni kuma na ƙara.

Tukunyar ce rabin aikin. Baƙin ƙarfe ce mai ƙafa uku, murfinta na da baki a zagaye don a zuba garwashi a kai, wuta ta zo ta sama da ƙasa. A filayen kogin Platte, inda itace ya yi ƙaranci, busasshen kashin ɓauna mata da yara ke tsinta su hura wuta da shi. Ni da gawayi nake yi, awa uku a kan wuta mai sanyi, ba a barin romon ya tafasa da ƙarfi, in ba haka ba naman ya bushe ya zama zare-zare.

Ƙarfe 5 na asuba nake ɗora tukunya biyu. Mai taimaka mini yakan iso ƙarfe 9 ya kwaɓa burodin masara, domin sai da shi ake shanye romon. Tukunyar ba ta ganin sabulu mai ƙarfi: ruwan zafi, a goge, a shafa mata mai, a mayar kan garwashin da ya rage ta bushe.