Daga Mookie Betts zuwa Rafael Devers: gardamar da ta ƙi mutuwa a Boston

A garin Boston akwai sunan da in ka ambata a cikin mota, fasinjan da ya shigo yana latse-latsen waya zai ajiye ta ya gyara zama. Sunan Mookie Betts ne. Tun 2020 ƙungiyar besbol ta Red Sox ta rabu da shi, amma maganar ba ta huce ba, kuma da aka sake rabuwa da Rafael Devers a 2025 sai ciwon ya dawo ɗanye. Ni tasi nake ja a garin nan, rediyon wasanni kuwa ba ya mutuwa a motata, saboda haka na sha jin wannan gardama daga bakin lauya, da ɗan jami'a, da ma'aikaciyar jinyar da ta taso daga aikin dare. Ni ma ina da ɓangaren da nake, kuma zan faɗe shi.

Sai dai wanda ƙwallon ƙafa kawai ya sani yana buƙatar ya fahimci wani abu tukuna. A besbol ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi ba yadda Real Madrid ke yi. Musaya ake yi: ka ba ni gwaninka, in ba ka yara uku masu tasowa. Ƙungiyar da ta reni yaro tana da iko da shi na kaka shida a babbar gasa. Shekarun farko albashinsa kaɗan ne, daga baya yana hawa, in shekara shidan ta cika kuma ya zama ɗan kansa, duk wanda ya fi taya shi zai ɗauka. Babu dokar da ta hana ƙungiya kashe abin da ta ga dama, amma akwai iyakar da in jimillar albashinka ta wuce za ka biya haraji. A 2020 iyakar dala miliyan 208 ce. Karon farko harajin kashi 20 cikin ɗari ne na abin da ya haura, karo na biyu a jere kashi 30, na uku kashi 50. In ka sauko ƙasa da iyakar ko da shekara ɗaya ce, lissafin ya koma farko. Duk rigimar Betts a kan wannan ƙa'idar ta tsaya.

Betts ɗan gida ne. Red Sox ce ta zaɓo shi a 2011 daga makarantar sakandare a jihar Tennessee, a zagaye na biyar, wato ba a ma ɗauke shi wani abin a zo a gani ba. Ba shi da tsawo, ba shi da ƙirar masu bugun ƙarfi. Ya fara babbar gasa a 2014, kuma da yake Dustin Pedroia na riƙe da tasha ta biyu (ɗaya daga cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki) inda Betts ya saba tsayawa, sai aka tura shi can bayan fili, ya je ya zama wanda ya fi kowa iya tsaron wurin. A 2018 ƙungiyar ta ci wasa 108 cikin 162, ta doke Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki kofin World Series, wato kofin ƙarshe na gasar, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar. A kakar nan ya fitar da ƙwallo waje da fili sau 32, ya saci tasha, wato ya ruga zuwa ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, sau 30. Wanda ya taɓa zama a Fenway Park, filin Red Sox, ya ga yadda yake bin ƙwallo a kusurwar dama, inda katangar ke lanƙwashewa ta rikita baƙi, ya san abin da nake nufi. Kafin sandar ta gama kaɗawa ya riga ya tashi.

Wata goma sha shida bayan wannan kofi, a Fabrairun 2020, aka miƙa shi ga Dodgers ɗin da aka doke, tare da mai jifa David Price da kusan rabin kuɗin da ya rage a kwantiragin Price. Abin da Boston ta karɓa shi ne Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong.

Masu kare wannan shawara ba wawaye ba ne, kuma hujjarsu tana da ƙafafu. Akwai wani fasinjana, akanta ne, da nake yawan kaiwa filin jirgi na Logan. Shi cewa yake kaka ɗaya ta rage wa Betts, ya kuma nuna a fili cewa yana son ya gwada kasuwa. In an riƙe shi ya tafi a ƙarshen shekara, Boston ta tashi a tutar babu. Ga albashi ya riga ya kumbura: Price na da kwantiragin dala miliyan 217, Chris Sale ya sa hannu a kan miliyan 145, Nathan Eovaldi miliyan 68, kuma dukkansu hannuwansu sun fara ba da matsala. Ga rumbun yara masu tasowa ya yi ƙasa, domin Dave Dombrowski ya yi ta bayar da su don ya kawo kofin 2018. A ganinsa Chaim Bloom, wanda aka ɗauko daga Tampa Bay Rays a Oktoban 2019, ya tarar da gida a hargitse ne ya yi abin da hankali ya ba shi. Har yana ƙarawa da cewa kwantiragin shekara goma sha biyu, rabinsa na ƙarshe asara ce, domin babu ƙafar da ba ta tsufa.

Na yarda da shi a abu ɗaya: bai kamata a ɗora wa Bloom laifin shi kaɗai ba. Tun a Satumban 2019, kafin a ɗauke shi aiki, mai ƙungiyar John Henry ya faɗa wa 'yan jarida cewa suna buƙatar sauka ƙasa da iyakar haraji. Wanda ya zo bayan an yi wannan magana ya san aikin da aka kira shi ya yi. Amma daga nan muka raba hanya da akantan. Wannan hujja ta ƙungiyar talakawa ce. Tampa Bay na iya cewa ba ta da kuɗin riƙe gwaninta, a tausaya mata. Red Sox fa? Tikitin Fenway na cikin mafi tsada a duk Amurka, filin kuma cika yake yi. Kamfanin Henry, Fenway Sports Group, shi ke da Liverpool tun 2010. Attajiri ya sayar da saniyar tatsarsa don ya rage kuɗin dusa, sannan ya ce wa iyalin gida su yaba masa tattali? Kurakuran da aka yi a kwantiragin Sale da Price ba Betts ne ya yi su ba, amma shi aka sa ya biya.

A watan Yulin 2020 Betts ya sa hannu da Dodgers a kan shekara 12, dala miliyan 365, tun bai kai ga kasuwar da aka ce yana ɗokinta ba. A shekarar ya ci kofi, Red Sox kuwa ta ƙare a gindin rukuninta. Ta ɗan farfaɗo a 2021 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Houston Astros ta tsayar da ita, daga nan ta koma gindi a 2022 da 2023. An sallami Downs a ƙarshen 2022. An tura Verdugo Yankees, babbar abokiyar hamayyar Red Sox, a ƙarshen 2023. Wong ne kawai ya rage yana cafke a bayan mai bugu. Xander Bogaerts, wani ɗan gidan, ya tafi San Diego Padres a Disamban 2022, kuma da Henry ya hau dandamali a taron magoya baya a Springfield wata ɗaya bayan haka, ihu aka yi masa. Bloom kansa an sallame shi a Satumban 2023.

Daren da ya fi tsaya wa mutanen garin nan a rai shi ne na wasa na biyar na World Series ɗin 2024, Dodgers da Yankees a New York. Yankees na gaba da ci biyar da nema, aka kamo su, Betts ya buga ƙwallon da ta shigar da makin da ya raba gardama, aka tashi 7 da 6. Wanda ya tsaya bugun ƙarshe wa Yankees, ya kaɗa sanda ya sami iska, Alex Verdugo ne. Ina tsaye a gaban wata mashaya a unguwar Allston ina jiran fasinja, na ji an barke da sowa a ciki saboda Yankees ta faɗi, to amma dattijon da ya fito ya shiga motata bai yi dariya ba. Ya cire hularsa mai harafin B ya ɗora a gwiwa, ya ce mahaifinsa ya mutu bai ga Red Sox ta ci kofi ba, domin daga 1918 sai 2004, kuma duk tsawon shekarun nan mutane na cewa alhakin sayar wa Yankees shahararren ɗan wasansu Babe Ruth ne. "Ban taɓa zaton zan ga an maimaita da idona ba," in ji shi.

Maganar Devers ta fi wuyar yanke hukunci, shi ya sa ta fi raba kan mutane. Shi ma ɗan gida ne, an ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika yana ɗan shekara 16. A Janairun 2023, jim kaɗan bayan tafiyar Bogaerts, aka ba shi ƙarin shekara 10 a kan dala miliyan 313.5, kowa ya fahimci cewa lallashin magoya baya ake yi. Gwanin bugu ne na gaske, amma tsaronsa a tasha ta uku ba ya da kyau, shekara da shekaru yana kan gaba wajen yawan kuskure. A Fabrairun 2025 Craig Breslow, wanda ya gaji Bloom, ya kawo Alex Bregman, wanda ya fi shi iya tsaron wannan tasha. Devers ya ce wurinsa ne ba zai tashi ba, daga baya ya haƙura ya koma mai bugu kawai, ba ya tsaron fili. Da Triston Casas ya ji rauni a gwiwa a watan Mayu, aka dawo aka ce ya koma tasha ta ɗaya. Ya ƙi, ya kuma fito gaban 'yan jarida ya soki Breslow. Sai da Henry ya hau jirgi zuwa Kansas City don ya gana da shi. Ranar 15 ga Yuni ya fitar da ƙwallo waje, Red Sox ta kammala lallasa Yankees wasa uku a jere, kafin dare ya yi aka ji an miƙa shi ga San Francisco Giants.

A nan ba na wanke Devers. Mutumin da ya fi kowa babban kwantiragi a ƙungiya, abokin wasansa ya faɗi da gwiwa, aka roƙe shi ya toshe gurbin, bai kamata ya ce a'a ba. Da ya isa San Francisco ai ya ce zai tsaya duk inda aka sa shi, kuma ya tsaya a tasha ta ɗayan. Betts ɗin da muke kuka a kansa, Dodgers ta ɗauke shi daga bayan fili ta kai shi tasha ta biyu, ta sake mayar da shi tsakanin ta biyu da ta uku, wurin da ya fi ko'ina wuya, yana da shekara talatin da 'yan kai, bai yi musu ba. Daga wannan wurin ne ma ya cafke ƙwallon da ta rufe wasa na bakwai da Toronto Blue Jays a World Series ɗin 2025, kofinsa na uku ke nan da Dodgers. Amma ko da laifin Devers, aikin shugaba ne ya zauna da babban ɗan wasansa tun kafin ya kawo wanda zai karɓe masa wuri. An ce masa ya ajiye safar tsaro a watan Maris, an ce ya ɗauko wata a watan Mayu. Ko ni aka yi wa haka zan ji an raina ni.

Ƙanena da ke Kano, wanda ba ya wasa da Liverpool, ya kira ni a makon da aka miƙa Devers yana dariya: "Yaya, an ce kuɗin ɗan wasanku ne aka saya mana Wirtz da shi." Lallai a kwanakin ne Liverpool ta ɗauko Florian Wirtz daga Bayer Leverkusen a kan fam miliyan 100 da ɗoriya, kuma mutanen Boston da yawa sun haɗa biyun. Ni ban ɗauki zancen da gaske ba, kowace ƙungiya da littafin kuɗinta. Abin da na lura da shi dai, zargin bai sha wuyar shiga kunnuwa ba, domin tun 2020 mutane sun daina yarda cewa kuɗin da aka tsimi a Fenway a Fenway zai ƙare. Na tuna masa yadda ya kwana uku ba ya magana da Trent Alexander-Arnold ya tafi Real Madrid, sai ya ce, "Wannan ai daban ne, Yaya, shi ya zaɓi tafiya." Na ce to ka ga namu ya fi ciwo, mu turawa aka yi.

Akantan nan yana da sabuwar hujja yanzu, kuma tana da ƙarfi. Bayan tafiyar Devers ƙungiyar ta fi yin kyau, ta ƙare kakar 2025 da cin wasa 89, ta shiga wasannin neman kofi karon farko tun 2021. Breslow ya kawo Garrett Crochet daga Chicago White Sox ya kuma ɗaure shi da shekara shida. Roman Anthony, yaron da ya fara wasa a watan Yuni, tun a Agusta aka ba shi shekara takwas a kan dala miliyan 130, wato an yi da shi abin da ya kamata a yi da Betts tun yana ɗanye. Wannan na yaba, kuma na faɗa masa. Sai dai da aka je New York don karawa da Yankees a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, Anthony na jinya, Crochet ya ci wasan farko kusan shi kaɗai, aka faɗi na biyu, a na uku kuwa ko maki ɗaya ba a samu ba, aka tashi 4 da nema. A irin wannan daren ake neman mai sandar da Yankees ke tsoro, Devers kuwa ya daɗe yana ba su wahala. Cikin mutum huɗun da aka karɓo a madadinsa, Jordan Hicks ya yi ta shan duka, James Tibbs kuma ko wata biyu bai yi ba aka wuce da shi Dodgers.

Giants ta ɗauke duk sauran kwantiragin Devers, fiye da dala miliyan 250. Kuɗin nan yana hannun Henry da Breslow, kuma a kansa ya kamata a auna su. Bregman, wanda saboda shi aka tayar da Devers daga tasha ta uku, ya yi amfani da damar da ke cikin kwantiraginsa ya fice bayan kaka ɗaya ya koma kasuwa. Duk wanda ya bugo waya gidan rediyo a makon da ya fice, ko yana ɓangaren akanta ko yana nawa, abin da yake tambaya shi ne wa zai tsaya a tasha ta uku a watan Afrilun 2026, kuma nawa aka shirya biya.