Mazaunin gorar ruwa a tsohuwar Fijo 504, ba huda ba walda

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, a Kaduna kuma aka fara haɗa motocin Peugeot a 1975. A wancan zamanin ba a yi wa direba wurin ajiye abin sha ba. Shi ya sa har yau, a hanyar Wudil ko ta Gumel, sai ka ga direba ya matse gorar zoɓo tsakanin cinyoyinsa, ko ya jefa ta ƙasa. Ta ƙasan nan ita ce abin tsoro, domin da an faɗa gargada tana iya gangarawa ta shige ƙarƙashin birki.

Wajen yi wa gora mazauni, kada dai a kai wa motar nan abin huda. Dashbod ɗin da ya shekara arba'in a rana ya riga ya bushe, kana ɗaura sukuru zai tsage, samun wani mai kyau ko a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano sai an sha yawo. Ƙasan motar ya fi haɗari, don ta nan bututun birki da na mai suke bi. Mazaunin gora na kasuwa mai gam ba ya wuce bazara, zafin Afrilu na narkar da gam ɗin, ya bar tabo. Wanda ake ratayawa a bakin gilashi kuwa yana cin robar ƙofa, yana tare hannun ɗaga gilashi, ana buga ƙofa kunu ya zube a kujera.

Abin da ya dace da motar shi ne a yi wa mazaunin siffar mangalar jaki. A tsakiyar motar akwai tudun nan da farfela ke bi ta ƙarƙashinsa, a kansa za a ɗora, nauyin yashi ya riƙe shi ta gefe biyu.

Ka nemi falanki mai kaurin milimita 12, tsawon santimita 25, faɗin 12. Wajen masu kayan famfo ka sayi bututun roba mai inci 3, a yanka maka guntu biyu masu santimita 9, da murfinsu biyu. Je da gorar da ka saba sha da ita ka gwada a shagon. Gwangwanin lemo faɗinsa santimita 6.6 ne, yana shiga da sauƙi, amma wasu gorunan sun fi haka kauri. Kada zurfin ya gaza santimita 8, in ba haka ba gora za ta tuntsure a kwana.

Kafinta ya ɗaure murafen a kan falankin da gajerun sukurori, biyu-biyu, waɗanda ba za su ɓullo ta ƙasa ba, sannan a cusa bututun. Da yake saman tudun a lanƙwashe yake, falankin zai riƙa rawa, don haka a buga masa siraran katako biyu a gefen ƙasa su rungumi tudun.

Sai mangalar. Tela ya yanka tamfol mai tsawon santimita 60, faɗin 20, ya yi aljihu a kowane baki. Zuba yashi kilo ɗaya a kowanne, busasshe ƙarau, a ƙulle cikin leda biyu. Yashi mai laima tsatsa zai jawo wa ƙasan motar. Kada kuma a sa gero ko wake a madadinsa, ɓeraye za su shigo, daga nan su koma kan wayoyi. A manna falankin a tsakiyar tamfol ɗin, ƙarƙashinsa a shimfiɗa yankin tsohon tiyub don hana zamewa, da siririn soson katifa, saboda tudun yana ɗaukar zafin giyabos da salansa a doguwar tafiya.

Kafin ka hau titi, zauna ka shiga kowace giya har ribas, ka ja birkin hannu har ƙarshe, ka tura kujera gaba da baya. In hannunka ya taɓa gora ko sau ɗaya, matsar da mazaunin baya. A gindin kowane bututu ka sa guntun soso ya shanye gumin gora mai sanyi, ka riƙa cire shi kana wankewa, musamman in kunun aya ya ɗiga, don kwana ɗaya ya isa ya yi tsami.