Rufin kwano na gani, ba asibiti ba

Lokacin da na fara aiki da wata 'yar ƙungiya a Gusau mai bin diddigin ayyukan gwamnati, gani nake duk wanda ya iya Google Earth, manhajar kallon hotunan ƙasa daga sama, ai ya gama. Labarin ƙasa na karanta, to sai na ɗauka ido kawai ake buƙata.

Aikin farko da aka ba ni, wani asibitin ƙauye ne da muka gani a kasafin kuɗi, hanyar garin ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, sai aka ce in duba ta sama. Na buɗe, na ga fili fayau, nan take na rubuta ba a yi aikin ba. Oga ya karanta ya ce, "ƙanena, hoton nan na yaushe ne?" Wallahi ban duba ba. Ashe ya kai shekara uku, tun kafin a ba da kwangilar. A ƙasan allon kwanan watan yake, kuma akwai wurin da za ka ja baya ka ga tsofaffin hotuna. Da na koma Sentinel-2, tauraron ɗan adam na Turai mai ɗaukar hoton ƙasa, wanda kyauta ne kuma kusan duk kwana 5 yake sake ɗaukar wuri, sai ga alamar rufi. Amma shi ɗigo ɗaya a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, gini kawai za ka gane, ko akwai gado ko ma'aikaci a ciki ba zai gaya maka ba. Ga damina gajimare ya rufe komai. Sai da wani ɗan garin ya shigo kasuwa muka ji gini kam an yi, magani ne babu.

Takarda ita ce ta ba ni wahala. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce in ka nemi bayani a ofishin gwamnati a ba ka amsa cikin kwana 7, na rubuta wa wani ofis, na yi ta sintiri fiye da wata, kullum ogansu ba ya nan. Na koyi in riƙe kwafi mai hatimin karɓa, kuma in tambayi abu ɗaya tak, sunan ɗan kwangila da ranar biya, ba in ce a ba ni komai ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne ranar da ina duba wata hanya na ci karo da sansanin jami'an tsaro, katanga, motoci a jere, har inda ake shiga. Raina ya so in sa a Facebook. Oga ya ce in rufe, ya tuna mani dokar sirrin gwamnati ta 1962 har yau tana aiki, ita ma ta 2011 ta ware abin da ya shafi tsaro. Ni ba dokar ce ma ta tsayar da ni ba. A 2018 taswirar manhajar Strava, mai nuna inda masu gudun motsa jiki suka bi, ta fallasa sansanonin sojan Amurka, ba wanda ya yi niyya, to balle nan Zamfara da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke riƙe da waya kamar kowa, kuma yaran da ke kwana a sansanin nan 'ya'yan wasu ne. Na goge hoton daga kwamfutar, na koma kan hanyar da aka ce in duba.